Ka Tsaya a Bakin Gada

Umatac, Guam
Satumba, 1982

Zuwa ga ƙanena Teo,

Gaisuwa mai yawa daga yayarka da ta daɗe ba ta sa ka a ido ba. Ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Felisa da yara. Kullum muna roƙon Ubangiji ya tsare ka duk lokacin da jirginku ya bar San Diego ya shiga teku, ya kuma dawo da kai ga iyalinka lafiya. Mu nan muna cikin alherin Allah. Damina ta kankama, guguwar da aka yi ta shelarta a rediyo ta kauce mana, iyakar ɓarnarta kwano biyu da ta yaye a rufin madafar waje, kuma Kin, mijina, ya riga ya mayar da su. Hoton da Felisa ta aiko ya iso, mahaifiyarmu Nana ta kafa shi kusa da na Uwa Maryamu, duk wanda ya shigo sai ta nuna masa. Ta ce 'yarka Pilar ta ɗauko goshinka sak. Ni kuma na ce Allah ya sa iyakar abin da ta ɗauko ke nan, kada ta haɗa da taurin kan. Ka yi ƙiba, Teo, kuma kada ka ce mini rigar soja ce.

Takardarka ta watannin baya tana hannuna, na karanta ta har ta fara yagewa a wurin ninki. Na gane abin da ka ce: ka samo wa mahaifinmu Tata wuri a gidan kula da tsofaffi kusa da ku, akwai masu jinya dare da rana, kuma da zarar an gama bikin San Dionisio, waliyyin garinmu, za ka aiko da tikitin jirgi a kawo shi. Na san ka gaji da jiran amsa, na kuma san ka ce wa Felisa ai Meding ta fara halin nata. Ba fushi na yi ba. Abubuwa ne suka yi ta faruwa a gidan nan, ban so in rubuta maka rabin magana ba. Rasuwar Tan Sabet dai ka ji ta a waya, Allah ya ba ta hutawa. Abin da ba ka ji ba shi ne abin da tsohuwar nan ta yi wa mahaifinmu kafin ta tafi, kuma ba na so ka yanki tikitin nan sai ka ji shi. Saboda haka nemi wuri ka zauna, ka san ni ban iya gajarta zance ba.

Da farko, ban ga laifinka ba ko kaɗan, don ni da hannuna na rubuta maka halin da muke ciki. Ciwon bodig ba baƙonmu ba ne a garin nan, mun ga yadda ya yi da maƙwabcinmu marigayi Tun Kiko da wasu da yawa, amma ganinsa a jikin uba daban ne. Mutumin da yake shiga ruwa har ƙugu ya jefa raga ta buɗe kamar laima, shi ne jikinsa ya sandare, fuskarsa ta daina motsi, muryarsa sai ka kai kunne. Duk wannan mai sauƙi ne a kan rashin barcin dare. Yini yake yi yana gyangyaɗi, dare na yi ido ya bushe. In kuwa barcin ya sace shi sai mafarki, ya yi ta ihu yana wurgi da hannu, wai kifi ya shigo gaɓa a kawo kwando. A haka ya make Nana a kunci, da gari ya waye ya ga shatin, hawaye suka yi ta zuba a fuskar da ba ta iya nuna komai. Nana kuma ta ƙi yarda kowa ya karɓe ta, wai ita ta yi alkawarin aure a gaban fada a coci, ba ni ba. Ta yi ta kwana a zaune har ranar da jiri ya kwashe ta ta faɗa kan murhu ta ƙona hannu. Duk ɗan da ya ji wannan yana nesa, dole ya nemi mafita.

To ga inda abin ya cuɗe, kuma ƙauna ce ta cuɗa shi. Ka tuna kujerar nan da ka aiko bara, mai laushi, wadda ake jan ƙarfe ta kwanta da mutum? Ranar da aka sauke ta rabin gari ya zo kallo, Tata ya ji daɗi ƙwarai, aka ajiye masa ita bakin taga yana kallon teku. Ka kuma san tarbiyyar da aka yi mana: babba ba ya tashi don yaro. Duk wanda ya shigo sai ya je inda Tata yake, ya rusuna, ya ɗauki hannunsa ya kai hanci, shi kuma ya ce Allah ya taimake ka. In ya miƙa hannu zai ɗauki kofi, wani ya riga shi. In ya yunƙura zai tashi, mutum uku sun miƙe suna tambayar me za a kawo masa. Nas ɗin da ke zuwa daga Agana da maganinsa ta faɗa mana tun tuni, ta kuma maimaita: a bar shi ya yi tafiya da safe, rana ta taɓa shi, jiki ya gaji, a hana shi barcin rana in ana so ya yi na dare. Muka ce to, muka cika mata jaka da ayaba, ta tafi. Wa zai dubi Tata, Tun Goro guda, a ce shi ya haife ka, ka ce masa tashi ka zaga? Na gwada sau ɗaya, kallon da ya yi mini kawai ya ishe ni. Kin kuwa cewa ya yi shi suruki ne, a rufa masa asiri. Babu wanda ya isa ya umarci Tata a gidan nan, sai ya zauna, mu kuma muka kewaye shi da ladabi.

Mun manta cewa a garin nan da sauran mutum ɗaya da ta girme shi. Kai ka bar gida da ƙuruciya, wataƙila abin da ka riƙe game da Tan Sabet shi ne sandarta, wadda ta sha sauka a gadon bayanka saboda mangwaronta. To ita gwaggon Tata ce, ƙanwar kakanmu, kuma ita ta riƙe shi a hannu ranar da aka yi masa baftisma. Ta haura casa'in, ido ya yi rauni, amma bakin yana nan da kaifinsa. Wata Lahadi bayan coci na kai mata jar shinkafa da kifi, na gaishe ta, sai ta riƙe hannuna ta ƙi saki. Ta ce ina Goro? Na ce yana gida, jiki ya ƙi. Ta ce ai ta ji labari, an ce ya samu gadon sarauta daga Amurka, jama'a na ta zuwa faɗuwa. Ta ce in je in gaya masa tun Ista rabon da ya zo ya gaishe ta, in kuwa ya girme ta ne yanzu, a sanar da ita ta gangaro ta kai hannunsa hancinta. Na ce Tan Sabet, ba shi da lafiya fa. Ta tofar da jan yawun pugua, ƙwallon nan da take taunawa kamar goro, ta ce ita ma ba ta da ita, kuma ba ta tambaye ni ba.

Na kawo saƙon nan ina jin nauyinsa, na rage abin da zan iya ragewa, amma Tata ya san bakin gwaggonsa, ya cike sauran da kansa. Da safe ya ce a kai shi. Kin ya kawo a-kori-kurarsa, aka ɗaga Tata aka sa a gaba, muka hau tudu. Tsohuwa tana zaune a barandarta, ko kallon motar ba ta yi ba. Ta ce wa Kin ya juya da kayansa, ita ba mota ta riƙe a gaban fada ba, jariri ta riƙe mai ƙafafu biyu, har ya harbe ta da ɗaya a ƙirji da ruwa ya taɓa shi, kuma ƙafafun nan take so su kawo mata shi. Ta ƙara da cewa daga gobe kullum za ta zauna a nan, ba za ta sa komai a baki ba sai ya iso ko rana ta yi tsaka. Teo, a gaban maƙwabta ta yi wannan. Nana ta yi ta kuka a hanya, tana cewa tsufa ya taɓa kan matar nan, ba ta da tausayi. Ni ma ranar da ita na kwana a zuciya.

Washegari ban gama dafa kofi ba na ji yana kirana. Ya sa rigarsa ta zuwa coci da kansa, maɓallan a karkace. Ya tashi daga kujerar, ya kai bakin ƙofa, sai ƙafafun suka maƙale kamar an buga su da ƙusa, ka dai san halin ciwon. Ya daɗe a tsaye yana karkarwa kafin su saku. Ranar iyakarmu gindin mangwaron bayan coci, ya zauna a kan katanga yana haki, muka juyo. Na hau na gaya wa Tan Sabet, ina zaton za ta sassauta. Sai ta miƙo mini sandarta, ta ce ita a zaune take, ba inda za ta. In ƙafarsa ta maƙale, in shimfiɗa sandar a ƙasa a gabansa in ce ya tsallaka, haka ta riƙa yi wa mijinta, wanda shi ma ciwon ne ya tafi da shi. Ka yarda da ni, ƙafar da ta ƙi ɗaguwa don tafiya sai ga ta ta ɗagu don tsallake sanda. Da na gaya wa nas ta yi murna, ta ce su ma suna koyar da dabarar, mu riƙe ta.

Wahalarmu ta gaba mutanen gari ne. Duk wanda ya hango Tun Goro a kan hanya sai ya yar da abin da yake yi ya rugo. Wannan ya kawo kujera, wancan ya tsayar da mota, samari su jeru za su kama hannu su gaishe shi, su tare masa hanya, ƙafar kuma da ta tsaya sai an sha fama ta tashi. Sai da na koma 'yar sanda, ina gaba ina kora, ina baya ina ba da haƙuri. Matar marigayi Tun Kiko ta tare ni ta ce wace irin 'ya ce ke, kina jan ubanki a rana kamar akuya, ita nata mijin ko cokali ba ta bari ya ɗauka ba har ya koma ga Allah. Na haɗiye, don in na buɗe baki ka san abin da zai fito, kuma na san ita ma da ƙauna ta yi nata. Kullum dai muna ƙara kaɗan, daga mangwaro zuwa kanti, daga kanti zuwa gindin tudu. Tsohuwa kuwa tana cika maganarta, ba ta karyawa sai rana ta yi tsaka, kuma wannan ne ya fi damun Tata. In na ga ya gaji na ce mu koma, sai ya ce a hankali, Gwaggo ba ta ci ba.

Ranar da ya kai gidan Tan Sabet, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ya hau matakalar barandar, ina bayansa hannuwana a buɗe, ban dai taɓa shi ba. Ya tsaya a gabanta. Bayansa ya riga ya ranƙwafa, don haka rusunawar ba ta ba shi wahala ba. Ya ɗauki hannun nan nata da ya zama ƙashi da fata, da nasa hannun mai karkarwa, ya kai hancinsa. Teo, na manta rabon da in ga mahaifinmu a matsayin yaron wani. Ta ɗora ɗaya hannun a kansa ta ce Allah ya taimake ka, ɗana, muryarta ta ɗan karye. Sannan ta yi gyaran murya, ta ce ya makara, kuma ya sa maɓalli kamar wanda ya kwana a mashaya. Na ji wani sauti ya fito daga ƙirjin Tata, gabana ya faɗi, na zaci sarƙewa ya yi. Ashe dariya ce. Ta turo masa ɗan turminta ta ce ya daka mata pugua tunda haƙora sun ƙare, ta kuma ce gobe ma tana nan.

Ba zan ce maka a daren nan komai ya gyaru ba, in na faɗi haka na yi ƙarya. Amma da tafiyar ta zama ta kullum sai gyangyaɗin rana ya ragu, musamman da tsohuwa ta haɗo shi da wata yagaggiyar raga, wai ta mijinta ce, tana so ta ga an gyara ta kafin ta mutu. In ya dawo ya yi wanka ya ci abinci, sai ya zauna a benci a inuwar kwakwa yana ƙullawa, ƙulli ɗaya ya ɗauke shi lokacin da a da zai yi goma. Da yamma ana gama addu'ar carbi sai ka ga kansa ya yi nauyi. Yana farkawa, amma yana komawa. Ihun bai daina gaba ɗaya ba, ya dai yi sauƙi, kuma mun raba musu gado, muka jera kusa da juna yadda wurginsa ba zai kai gare ta ba. Wata safiya na shigo na tarar da gidan tsit, ba a buɗe wa kaji ba. Na leƙa ɗakin. Su biyun barci suke yi, rana har ta hau bango, Nana baki buɗe tana minshari, ta miƙa hannunta mai tabon ƙuna ta riƙe bakin bargonsa. Na ja ƙofar, na zaga bayan madafa na yi kukana na ƙoshi, sannan na saki kajin. Da ta tashi faɗa ta yi ta yi, wai don me aka bar ta ta rasa coci.

Kada ka ɗauka labarin warkewa nake ba ka. Bodig ba ya sakin wanda ya kama, ni da kai mun sani. Muryarsa ta ƙara yin ƙasa, ruwa yana sarƙe shi, sai an dama masa abu da kauri. Akwai ranakun da jikin ke ƙi ƙememe, ko sandar ba ta aiki, sai mu haƙura. Sau ɗaya ya faɗi a gangaren tudu ya fasa gira, aka yi masa ɗinki, ni kuma na sha zagi a gari har na ƙoshi. Na tsorata, na ce a daina. Shi ne ya ƙi. Nas ta duba shi ta ce faɗuwa abar tsoro ce, mu riƙa raka shi mu biyu, ɗaya a kowane gefe, amma kada mu mayar da shi kujera. Tun daga nan Kin yake fita da mu kafin ya tafi aiki.

Kafin ta kwanta ciwon ajali, Tan Sabet ta kira ni ni kaɗai. Ta ce Meding, ke ce mai bakin gidanku, yau rufe shi ki saurara. Ta ce ita ta gaji, tafiya za ta yi, kuma in ta tafi babu sauran wanda Goro zai tashi dominsa, duk garin yaransa ne, za su sake zaunar da shi da ladabi har su kai shi kabari. Ta ce ubanku ba zai yi tafiya don lafiyarsa ba, tun yana yaro bai iya yin abu don kansa ba, sai in wani yana jiransa, saboda haka ku nemo masa wanda zai jira shi. Na ce wa ke nan, Tan Sabet? Ta ce ita ta yi nata, in yi nawa, sandar kuma ta bar masa. Ba ta daɗe ba bayan wannan. Dararen addu'a tara da aka yi mata, Tata da ƙafarsa ya halarci kowanne, ranar jana'iza kuma ya bi gawar har ƙofar coci, ya shimfiɗa ragar da ya gama gyarawa a kan akwatin.

Bayan an watse sai abin da ta faɗa ya faru. Ya koma kan kujera ya juya fuska ga teku. In na kawo masa rigar fita sai ya ce a je ina? Na ce mu je kabarinta, ya ce ai yanzu ba ta jin yunwa. Cikin 'yan kwanaki barcin rana ya dawo, na dare ya gudu, idanun Nana suka sake faɗawa. Duk tsawon lokacin nan ba mu gaya masa zancen takardarka ba, don ba mu san ta inda za mu fara ba. Rannan da hantsi Nana tana ba shi abinci, sai kawai ta ajiye cokali ta gaya masa komai, gidan tsofaffin, da tikitin, da cewa bayan biki ne. Ta ce ita ba ta so, Allah ya sani, amma ƙarfinta ya ƙare, kuma yaron nan ba don ƙi ya yi ba. Ina tsaye a bakin ƙofa, na rasa inda zan sa kaina.

Da farko na ɗauka bai fahimta ba. Can ya yafito ni, na kai kunne. Ya ce yaushe rabon Teo da gida? Na ce tun kafin a haifi Pilar. Ya ce shi tikitin nan, daga nan zuwa can kawai ya iya tafiya, bai iya daga can zuwa nan ba? Na ce ya iya. Ya ce to in rubuta maka, kuma ga saƙonsa yadda ya faɗa, ban ƙara gishiri ba. Ya ce a nan aka binne cibiyarsa, a nan yake so ya kwanta, amma ba zai kashe uwarku don son ransa ba. Ka zo biki. Ka dube shi da idonka, ka dubi Nana, in ka ga har yanzu yana hana ta barci, ya yarda ka tafi da shi, ba zai yi musu ba. Sai dai in ka iso, kada mota ta kawo ka ƙofar gida. Ka sauka a ƙaramar gadar bakin gari, inda ya raka ka ranar da ka tafi soja, ka tsaya a nan, shi zai zo ya tarye ka. Na ce Tata, gadar ta fi gidan Tan Sabet nisa, kuma ina aka taɓa yin haka, ai Teo ne zai zo ya same ka ya gaishe ka. Ya ce ya sani. Ya ce in miƙo sandar.

Tun ranar muke fita. Mukan wuce gidan Tan Sabet a rufe, ya ɗan tsaya ya dubi barandar, sannan mu ci gaba. Bai kai gadar ba tukuna, amma jiya mun hango ta. Barcin dare ya fara dawowa, Nana ta fara mayar da jiki. Yanzu duk wanda ya tare shi a hanya, shi da kansa yake kaɗa masa hannu, wai sauri yake yi, ɗansa na zuwa. Ka ga halin da nake ciki: ya riga ya gaya wa gari, ni kuma ban ji daga bakinka ba, kuma ina tsoron abin da zai biyo baya in amsarka ta zo da haƙuri. Na san soja ba shi ke da kansa ba. Amma ka je wurin manyanka ka roƙa, ai ka iya roƙo, da shi ka riƙa cinye rabon kifina muna yara. Ban ce ka rufe zancen gidan can ba. Wata rana ƙafar za ta ƙi gaba ɗaya, ranar sai mu zauna mu uku da Nana mu yi shawara. Abin da nake roƙo kawai, tikitin bana a rubuta sunanka a kai. In ka koma kuma na riga na yi dabara, shi zai riƙa zuwa gidan waya karɓo takardunka, don haka sai ka koyi rubutu a kai a kai.

Nana tana gaishe ka, ta ce ka faɗi abin da kake marmari ta fara tanadi, ta kuma ce kujerarka ba a yar da ita ba, ita ke miƙe ƙafa a kai da rana. Kin yana gaishe ka, ya ce ya ware maka alade tun yanzu, kada ka ba shi kunya. Yarana duka suna gaida kawunsu. Matar Tun Kiko ma ta ce in gaishe ka, mun shirya, jiya ita ta kore wasu samari daga hanyar Tata da tsintsiya. Ka gaishe mini da Felisa da kyau, ka ce mata na gode da yadin da ta aiko. Ka shafa mini kan Ramon da Pilar, ka gaya musu suna da kaka da ke tambayar sunansu kullum. Ka gaida surukarka Tan Chai, Allah ya ƙara mata sauƙin gwiwa. In da hali ka taho wa Tata da takalmi mara nauyi wanda ba shi da igiya, ƙafarku ɗaya.

Abu na ƙarshe, ka riƙe shi da kyau. In ka tsaya a gadar za ka hango shi daga nesa, a ranƙwafe, yana jan ƙafa, ba Tatan da ka bari ba. Wataƙila ƙafar ta maƙale a tsakiyar hanya, ya tsaya yana karkarwa a gaban jama'a. Duk abin da aka koya mana tun muna yara zai ce maka ruga ka same shi. Kada ka ruga, Teo. Ka zuba hannu a aljihu in ta kama, ka yi kukanka in ya zo, ba wanda zai ga laifinka, amma ka tsaya inda kake. Ni zan shimfiɗa masa sandar. Ka bar shi ya iso, sannan ka kama hannunsa.

Allah ya kawo mana kai lafiya.

Yayarka mai jiranka,
Meding